Taron Suwidanci da Gafaru Ya Halarta a Manchester

Idan aka liƙa takarda a jikin fitilar titi a unguwar Erdington ta Birmingham ana neman jin ra'ayin jama'a, mutum ɗaya ne tabbas zai tsaya ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya ɗauki hotonta da waya, ranar taro kuma ya riga mai buɗe ƙofa isa wurin. Gafaru Iddrisu ke nan. Gajere ne mai ɗan tumbi, shekarunsa hamsin da huɗu, aikinsa tura marasa lafiya a kan gado da keke a babban asibitin Edgbaston. Ya ba da ra'ayi a kan ranar kwashe shara, ya ba da a kan lokacin rufe laburare, har da kalar fentin da za a yi wa wani benci a wurin shaƙatawa, bencin da bai taɓa zama a kai ba. 'Yan masallacinsu sun daɗe da ajiye sunansa na yanka. "Consultation" suke ce masa, wato taron jin ra'ayi, shi kuwa ya amsa da fara'a.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. A Zangon Kumasi ya tashi, shi ne na tara a cikin 'ya'yan wani tela, kuma har ya yi gemu bai tuna ranar da wani ya tambaye shi abin da yake so ba. Aka sa shi makaranta, aka cire shi, aka ɗora shi a kan keken ɗinki, duk ba da shawararsa ba. Fitarsa waje ma yayansa ne ya shirya komai, shi dai an ce ya je ya ɗauki hoton fasfo. Da ya tambaya ina za shi, aka ce Finlan. Ya ce to.

Wani ƙauye ya sauka a bakin teku, inda ake noman tumatir da kokwamba a cikin manyan rumfunan gilashi. Kafin ya taso ya sayi ɗan littafi ya haddace gaisuwa da yaren Finlan. Da ya isa ya gaishe da mutane sai suka tsaya suna kallonsa. Ashe harsunan hukuma biyu ne a ƙasar, kuma mutanen wannan yanki yaren Suwidin suke yi. Ya jefa littafin a ƙarƙashin gado, ya kama koyon Suwidanci daga bakin maigidansa, wani tsohon manomi wanda bai iya magana ba sai da tsawa. Shekara goma sha ɗaya Gafaru ya yi yana ɗaure tumatir da zare yana kwashe kalmomin tsohon nan. Da wannan yaren ya ci jarrabawar zama ɗan ƙasa, aka kuma rubuta a rajista cewa da Suwidanci za a riƙa aiko masa takarda.

A can ciwon ya kama shi. Wata rana da sanyi ya yi tsanani ya ga hayaƙi na tashi daga zauren taron ƙauye, ya ji ƙanshin gahawa, sai ya shiga don ya ɗumama jiki. Taro ake a kan inda za a mayar da tashar bas. Yana cikin cin burodi mai zaƙi shugabar taron ta nuna shi ta ce, "Kai fa, me ka gani?" Gafaru ya waiga bayansa. Bango ne. Ya haɗiye burodin da ƙyar ya ce shi dai yana ganin ya kamata a yi wa tashar rufi. Wani dattijo ya sunkuya ya rubuta. Bayan mako guda takarda ta zo masa gida, ga sunansa a ciki, ga maganarsa a shafi na biyu. Ba a yi rufin ba, kuma tashar an mayar da ita daidai inda aka riga aka haƙa ramin tun kafin taro, amma wannan bai dame shi ba ko kaɗan. An tambaye shi, an rubuta.

Har ƙaurarsu zuwa Birmingham da taron jin ra'ayi ya yi ta. Ya zaunar da matarsa Wasilatu da 'yarsu Sadiatu a falo, ya raba musu takarda da biro, ya ce kowa ya rubuta ra'ayinsa ba tsoro. Wasilatu ta rubuta cewa ta saba da ƙauyen, a bar ta ta huta. Ya karanta, ya gode mata bisa gudummawarta mai muhimmanci, sannan ya sanar da su cewa ya ajiye aiki tun makon jiya kuma an samo musu flat a Erdington.

Wata Talata, shekara takwas da zuwansu Ingila, ya dawo daga aiki ya tarar da wata doguwar ambulan a kan teburin kicin. Yana ganin rubutun ya tsaya cak da takalminsa a ƙafa. Suwidanci ne. Wani kwamiti ne da aka kafa a Finlan don tsara sabuwar manufa kan amfani da yaren a ayyukan hukuma, yana yawo ƙasa ƙasa don jin ra'ayin masu yaren da ke zaune a waje. Za su zauna a wani otal a Oxford Road, a Manchester, ranar Asabar ta mako mai zuwa da azahar.

"Wasila! Zo ki gani. Gwamnati guda ce ke nemana."

Wasilatu ta leƙo da ludayi a hannu. "Me ka yi musu?"

"Ra'ayina suke so."

"Baban Sadiatu, mutanen Erdington ba su ishe ka ba sai ka haye teku? Jiya na tambaye ka labulen ɗaki kore ko ruwan ƙasa, ka ce in daina damunka."

"Wannan maganar policy ce, ba labule ba."

Gaskiyar magana, wannan karon yana da abin faɗi, abin da ya daɗe yana cin ransa. A lokacin da ya je ƙasar an ce wa baƙi su koyi ɗaya daga cikin harsunan biyu, duk wanda suka zaɓa daidai ne. Shi da abokan aikinsa na rumfar tumatir suka koyi Suwidanci. Amma da zarar mutum ya bar yankinsu ya shiga wani ofishi a birni, sai a yi ta neman wanda zai amsa masa, a ƙarshe a koma Turanci. Akwai wani ofishi da yake bugawa waya kan takardunsa, a ce masa ya danna biyu idan Suwidanci yake so, ya danna, a sa masa kiɗa har wayar ta yanke. Kwana tara ya yi yana rubuta wannan, a lokacin hutun cin abinci a asibiti, har ya cika shafi bakwai.

Abokin aikinsa Dung Nyam, mutumin Jos, dattijon coci mai son raha, shi ya ga yana ta rubutu ya tambaye shi. Da ya ji labari sai ya ce, "Malam Gafaru, za a ba da abinci?"

"Mutanen nan ba sa taro ba gahawa da burodi."

"To ni zan kai ka a motata. Train ɗin weekend ba abin dogaro ba ne."

"Ai ba ka jin yaren, Oga Dung."

"Burodin yana jin yare ne?"

Ranar Asabar Gafaru ya sa farar shadda da hula, ya ɗora kwat a kai, ya rungume jakarsa. Sun isa Oxford Road da sauran rabin sa'a, bas na bin bas kamar jerin gwano, ɗalibai sun cika gefen titi. A ƙofar ɗakin taron wata mata mai riƙe da jerin sunaye ta dube su da murmushi ta ce da Turanci, idan sun zo ɗaukar wani ne su jira a ƙasa, taron bai ma fara ba. Gafaru ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki ya zubo mata Suwidanci. Matar ta buɗe ido. Ta duba takardarta, ta ga sunansa, ta yi ja har kunne. Don kunya ba ta ma tambayi Dung ko shi wane ne ba, ta liƙa masa suna a ƙirji ta ce ya shiga.

Kujeru sittin aka jera. Mutum bakwai suka zo, har da Dung. Akwai ɗalibai biyu da ke ta danna waya, da wasu mata biyu masu auren Turawan Ingila, da wata tsohuwa tukuf mai sanda da ta zauna a gaba. Baƙin kwamiti kuwa su uku ne daga babban birni, shugabarsu wata doguwar mata mai suna Madam Ulrika. Ta buɗe taro da cewa ba su zo don su yi magana ba, sun zo su saurara ne. Daga nan ta yi minti hamsin tana bayani da majigi a kan muhimmancin sauraro.

Sai aka raba 'yan takardu masu kala da ake mannawa a bango. Aka rubuta tambaya a allo: shin ana ganin Suwidanci yana da muhimmanci? Amsoshi uku ne: na yarda ƙwarai, na yarda, na yarda da ɗan dama. Gafaru ya ɗaga hannu ya tambaya ina wanda bai yarda ba zai manna tasa. Madam Ulrika ta ce tambaya ce mai kyau, za a duba ta. Dung, wanda bakinsa ke cike da burodi, ya tashi ya manna tasa a inda ya ga ya fi kusa da teburin gahawa.

Da aka zo lokacin jin ta bakin jama'a aka ce kowa minti biyu, saboda lokaci ya ƙure. Gafaru ya miƙe da shafukansa bakwai. Ya share murya, ya dubi manyan baƙi, ya buɗe, duk da azahar ta yi, da gaisuwar da ya fi ji da ita, wadda maigidansa yake yi wa ma'aikata kullum da safe, wadda shi ma ya yi shekaru yana yi wa mutanen ƙauye suna dariya suna amsawa. Yana faɗa ɗakin ya yi tsit. Tsohuwar nan ta gaba ta saki sandarta ta fashe da dariya, ta yi ta yi har dariyar ta koma kuka.

Gafaru bai tsaya ba, ya shiga karatu. Yana karantawa yana satar kallon baƙin, sai ya ga suna kallon juna. Ɗaya ya karkata kunne, ɗaya ya ajiye biro. Abin da Gafaru bai taɓa sani ba shi ne, Suwidancin ƙauyensu ya yi nisa da na birni ƙwarai, har mutanen birni ba sa kama rabinsa, balle an haɗa shi da muryar Zangon Kumasi. Bai gama shafi na ɗaya ba Madam Ulrika ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malam Iddrisu, abin sha'awa ne ƙwarai. Ko za ka taimaka ka faɗa mana da Turanci, don kowa ya amfana?"

Gafaru ya tsaya da takarda a hannu. Ya ce da Turanci, a hankali, "Madam, abin da na zo faɗa ke nan. Duk inda na yi yaren nan sai a ce in koma Turanci. Yau ga shi a taron yaren ma."

"Wannan batu ne mai muhimmanci," in ji ta, ta rubuta wani abu gajere. "Minti biyunka sun cika, amma ka bar mana takardar."

Tun daga nan taron ya koma Turanci gaba ɗaya, kowa ya sake. Har aka zo kan Dung. Ya goge baki, ya miƙe kamar zai yi wa'azi a coci ya ce, "Ni dai abin da zan ce, harshe abu ne mai muhimmanci, kuma ya kamata mu riƙe shi da kyau saboda 'ya'yanmu." Baƙin uku suka yi ta gyaɗa kai suna rubutu da sauri. Aka tafa masa.

Da aka tashi sai mai ɗaukar hoto ya manne wa Gafaru. A tsaya nan, a riƙe takarda mai kala, a yi dariya, a gyara hula. Madam Ulrika ta tsaya kusa da shi ta ce shi ne hujjar cewa yarensu na kowa ne. Yana ƙoƙarin ya sake tayar da maganar wayar da ake dannawa biyu, aka ce ya ɗan daina motsa baki hoton yana lalacewa.

A bakin ƙofa tsohuwar ta kama hannun rigarsa. Sunanta Gunborg, shekarunta tamanin da uku, ta zo Ingila aikin jinya tun tana budurwa, ta yi aure ta zauna. Ƙauyensu da nasa tafiyar keke ce. Da yaren ƙauyen ta yi masa magana, irin wanda ya saba ji.

"Ɗana, rabon da in ji wannan magana tun rasuwar yayata. Amma wa ya koya maka gaisuwar nan?"

"Maigidana, Mama. Kullum da ita yake tarbarmu."

"Ka san me take nufi?"

"Barkanku da safiya, manyan mutane."

Ta riƙe ciki don dariya. "Cewa ka yi, ku tashi, ragwayen banza, rana ta yi."

Gafaru ya tsaya yana tuna mutanen da ya yi wa wannan gaisuwa: limamin cocin ƙauye, likita, malamar makarantar Sadiatu, jami'in da ya miƙa masa takardar zama ɗan ƙasa. A mota Dung ya yi dariya tun daga Manchester har suka wuce Stoke, yana bugun sitiyari yana cewa a duk taron wannan ce kaɗai maganar gaskiya da aka faɗa. Gafaru kuwa yana ta kallon taga.

Wata takwas bayan haka rahoto ya iso, shafi ɗari da arba'in, mai sheƙi. A bangon gaba ga Gafaru da hularsa yana dariya. Wasilatu ta juya shi ta ce ko ba komai shaddar ta fito. Ya zauna da tabarau yana bin layi layi yana neman shafukansa bakwai. A shafi na casa'in da shida ya sami jimla ɗaya: wani mahalarci ya nuna sha'awar a ci gaba da tattaunawa kan hanyoyin sadarwa. Maganar Dung kuwa an sa ta cikin akwati mai launi da manyan baƙaƙe, an rubuta a ƙasa: Dung N., mai magana da Suwidanci, Ingila.

Sadiatu, wadda ke karatun jami'a a Manchester, ta zo hutun ƙarshen mako ta ɗauki rahoton tana dubawa, don har yanzu tana iya karanta yaren ko da bakinta ya koma na Birmingham. Ta nuna masa wani ɗan rubutu a ƙasan shafin shawarwari.

"Baba, look at the date. An amince da shawarwarin nan a watan Maris."

"To?"

"Taronku a watan Mayu aka yi."

Gafaru ya karɓa ya duba, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Sannan ya ce wataƙila kuskuren buga rubutu ne, ya rufe rahoton. Babbar shawarar da ke ciki ita ce a kafa wani kwamiti da zai nemi jin ra'ayin jama'a kan yadda ya kamata a riƙa jin ra'ayin jama'a. Ba a yi wata biyu ba gayyata ta zo masa, wannan karon ta kwamfuta za a yi. Wasilatu ta ce idan yana da zuciya ba zai shiga ba. Ya ce yana da ita, kuma zai shiga ya gaya musu gaskiya tsirara.

Ya kuwa shiga, ya kuwa faɗa. Minti goma sha ɗaya ya yi yana magana a teburin kicin, yana nuna yatsa, ya kawo zancen watan Maris da na Mayu, ya kawo zancen kiɗan waya, bai bar komai ba. Bai taɓa jin bakinsa ya saki irin na ranar ba. Fuskokin da ke kan allo suna ta gyaɗa kai. Sai da ya gama yana haki ya lura da ɗan jan layin da ke kan alamar makirufo: ashe a kashe yake tun farko. Wani ne yake magana tun ɗazu a can, shi suke gyaɗa wa kai. Wasilatu ce kaɗai ta ji jawabin, tana yankan albasa a bayansa. Ta ce, "Wallahi ka yi magana, Baban Sadiatu. Ban san ka iya haka ba." Ta faɗa ne ba da wasa ba, shi ma ya gane, ya rufe kwamfutar a hankali ya ce ta ba shi ruwa.

Har yanzu Gafaru yana tura gadaje a Edgbaston. Abin da ya ƙaru a rayuwarsa shi ne Lahadin farko ta kowane wata, ranar da yake hawa jirgin ƙasa zuwa Manchester. Yakan fara biyawa wajen Sadiatu ya ajiye mata saƙon uwarta, sannan ya hau bas zuwa flat ɗin Mama Gunborg. Idonta ya yi rauni, don haka shi yake karanta mata wasiƙun da 'ya'yan ƙannenta ke aikowa, ta faɗa masa amsa ya rubuta. Tana gyara masa kalmomi, kuma zuwa yanzu sun gano wasu guda shida da bai kamata ya ƙara faɗa a gaban mutane ba. Suna musu a kan tumatir, ita ta ce na yanzu ruwa ne kawai, shi ya ce ba ta ci na rumfarsu ba ne. Watan jiya Wasilatu ta ba shi wake da shinkafa da shito, miyar barkonon nan mai zafi ta Kumasi, a kwano ya kai mata. Tsohuwar ta ci cokali biyu, hawaye ya zubo, ta sha ruwa kofi guda ta ce matarsa ta so kashe ta. Da zai tafi ta ce ya bar kwanon, wata mai zuwa ya zo ya ɗauka.